Memtest86+: Manhajar Gwajin RAM Ga Kwamfutar Da Ke Sake Tashi Yayin Girka Windows

Kwamfutar da take kashe kanta ta sake tashi a tsakiyar girka babbar manhaja tana da wahalar bincike fiye da wadda ta daɗe tana aiki sannan ta fara gardama, domin a wannan lokacin babu Windows ɗin da zai adana bayanin abin da ya faru ta hanyar da aka saba, kuma babu inda za a ɗora manhajojin bincike da ake dogaro da su. An riga an goge tsohon tsarin, sabon kuma bai kammala zama ba, don haka mai gyara yakan koma ga zato: ya sauya filashi, ya sake sauke fayil ɗin girkawa, ya zargi faifan ajiya, wani lokaci har ya sayi sabo ba tare da wata hujja ba. Memtest86+ manhaja ce da aka yi domin irin wannan hali, saboda ba ta buƙatar Windows ko Linux kafin ta yi aiki. Daga filashi take tashi da kanta, ta mallaki na'urar, ta gwada ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM tun daga farkonta har ƙarshe. Na yi amfani da ita a kan kwamfutocin tebur da na hannu masu wannan matsala, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci zama gwajin farko, matuƙar mai amfani da ita ya fahimci iyakar abin da take iya faɗa masa.

Kafin a ɗauko ta, wajibi ne a tabbatar cewa akwai matsala tun farko, domin shirin da ke girka Windows yana sake tayar da kwamfuta da kansa fiye da sau ɗaya, kuma wannan ba laifi ba ne. Bayan ya gama kwafe fayiloli zuwa faifai yakan sanar cewa zai sake tashi, sannan ya ci gaba daga faifan. Idan an bar filashi a matsayin na farko a jerin abubuwan da BIOS, wato ƙaramin shirin da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, yake tayarwa, kwamfutar za ta sake komawa shafin zaɓen harshe kamar ba a yi komai ba, kuma mutane da yawa sukan ɗauka girkawar ce ta rushe, alhali cire filashin a lokacin tashi na farko ko gyara jerin tayarwa ya wadatar. Memtest86+ ba ta da abin cewa a wannan. Inda take da amfani shi ne idan allo ya yi baƙi ba zato ba tsammani ana tsaka da kwafe fayiloli, ko shuɗin allo ya gifta ya ɓace, ko saƙo ya fito cewa kwamfutar ta sake tashi ba bisa tsari ba kuma girkawa ba za ta ci gaba ba, ko kuma lambar kuskure irin 0x8007025D ko 0x80070570 ta bayyana tana cewa an kasa girka fayilolin da ake buƙata.

Akwai dalilin da ya sa RAM take kan gaba a jerin abubuwan zargi. Fayilolin Windows suna zuwa ne a matse a cikin babban fayil guda, install.wim ko install.esd, wanda girmansa ya kai gigabait da dama, kuma sai an bi da shi ta cikin RAM ana warware shi kafin a rubuta shi a faifai. Idan akwai ko da gurbi ɗaya a cikin ma'adanar da yake juya sifili ya koma ɗaya, to abin da aka karanta daga filashi ba shi ne zai isa faifai ba. Mai girkawa zai ga fayil ya lalace ya tsaya, ko kuma lalacewar ta faɗa kan umarnin da firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, take aiwatarwa, sai na'urar ta rushe gaba ɗaya ta sake tashi. Wannan ne ma ya sa kwamfutar da ta yi watanni tana buɗe intanet da rubuta takardu lafiya lau take iya gazawa a ranar girkawa, saboda aikin yau da kullum bai cika taɓa wurin da ya lalace ba, ko kuwa ya taɓa shi amma ɓarnar ta tsaya a kan wata manhaja da ta rufe kanta aka ɗauka ba komai ba ne. Alamar da na fi lura da ita ita ce wurin da girkawar take yankewa: idan kullum a mataki guda take tsayawa, hankalina yakan fi karkata ga filashi ko fayil ɗin da aka sauke, amma idan yau ta yanke da wuri gobe ta kusa ƙarewa sannan ta yanke, to RAM, zafi ko wutar lantarki ne suka fi kama da masu laifi.

Mai neman manhajar zai ci karo da sunaye biyu masu kama da juna, kuma ya kamata ya san bambancinsu. Chris Brady ne ya rubuta asalin Memtest86 a 1994, kuma a 2013 kamfanin PassMark na ƙasar Ostireliya ya saye ta, yana ci gaba da fitar da ita a sigar kyauta da ta kuɗi. Ita kuwa Memtest86+, mai alamar tarawa a ƙarshen sunanta, reshe ce da Samuel Demeulemeester ya ɓallo daga ta asali a 2004, kuma tana nan kyauta a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar duba yadda aka rubuta ta. Ta daɗe a tsaye bayan siga ta 5.01 da ta fito a 2013, har ta zama ba ta tashi a kan sababbin kwamfutoci masu UEFI zalla, wato tsarin da ya gaji BIOS, sai a watan Oktoba na 2022 aka fitar da siga ta 6, wadda aka sake ginawa a kan aikin Martin Whitaker mai suna PCMemTest. Daga wannan siga ne ta koma tana tashi a kan tsohon BIOS da sabon UEFI duka, tana kuma gane nau'o'in RAM na DDR4 da DDR5. Duk wanda yake da tsohon faifan gyara mai ɗauke da siga ta 5 ya kamata ya sabunta shi, domin ba ita nake yabawa a nan ba.

Shirya ta abu ne mai sauƙi, ko da yake yana buƙatar wata kwamfutar mai lafiya. A shafinta na memtest.org akwai ƙaramin mai girkawa na Windows da yake rubuta ta a kan filashi, akwai kuma fayil ɗin ISO, wato kwafin faifai sukutum a fayil guda, ga wanda ya fi son rubuta shi a filashi da manhajar Rufus ko makamanciyarta. Girmanta bai taka kara ya karya ba, kowane tsohon filashi zai ɗauke ta, sai dai a kwashe abin da ke cikinsa tukuna, kuma shawarata ita ce a ware mata nata daban da wanda ake girka Windows da shi, domin shi ma wancan yana cikin waɗanda ake tuhuma. Wanda yake da filashin Linux kuma ya duba jerin zaɓin da ke fitowa a farkon tashi, saboda rabe-raben Linux da dama suna zuwa da ita. Cikas ɗaya da za a iya fuskanta shi ne Secure Boot, wato tsarin da yake hana kwamfuta tayar da abin da ba shi da sa hannun da ta amince da shi. Fayil ɗin da ake saukewa daga shafin Memtest86+ ba shi da sa hannun Microsoft, don haka sai an shiga BIOS an kashe wannan tsari kafin ya tashi, sannan a tuna a mayar da shi bayan an gama. A wannan fanni MemTest86 ta PassMark ta fi sauƙi, domin tana da sa hannun, tana tashi ba tare da an taɓa komai ba, sai dai sigarta ta kyauta tana tsayawa bayan zagaye 4, yayin da Memtest86+ take ci gaba har sai an dakatar da ita.

Da zarar ta tashi, gwaji yake farawa ba tare da an danna komai ba, kuma wannan na ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi burge ni game da ita. Allon shuɗi ne mai rubutu zalla. A sama yana nuna sunan firosesa da saurinta da zafinta, yawan RAM da aka gano, gwajin da ake ciki, yawan zagayen da aka kammala da adadin kurakurai. A ƙasa kuma yakan jera katunan RAM da ke cikin na'urar da girmansu da saurinsu kamar yadda aka rubuta a jikin ƙwaƙwalwarsu. Tun kafin gwajin ya yi nisa, wannan bayani kaɗai yana iya warware wani abu: idan an sa gigabait 16 amma allo ya nuna 8, to wani kati bai zauna daidai a gurbinsa ba, kuma idan katuna biyu sun nuna sauri ko kamfani daban, an san cewa an gauraya waɗanda ba a yi su tare ba. Maɓallin F1 yana buɗe saituna, Esc kuma yana fita ya sake tayar da kwamfutar. Idan zagaye ya ƙare babu kuskure, babban rubutu kore mai cewa PASS yana fitowa, idan kuwa an samu kuskure, jajayen layuka ne suke fara jeruwa, kowanne ɗauke da adireshin wurin, abin da aka rubuta, da abin da aka tarar.

Gwaje-gwajen suna da lamba daga 0 zuwa 10, kuma ba maimaita abu guda suke yi ba. Na farko-farko suna tabbatar da cewa kowane adireshi yana kai wa ga wurinsa na kansa, ba ya faɗawa kan na wani. Na tsakiya suna cika ma'adanar da wani tsari na sifili da ɗaya, su karanta, su juya shi, su sake rubutawa suna tafiya daga ƙasa zuwa sama sannan daga sama zuwa ƙasa, domin a kama gurbin da rubutun maƙwabcinsa yake gurɓata shi. Gwaji na 7 yana kwashe manyan ɓangarori na bayanai daga wuri zuwa wuri da sauri, kuma shi ne ya fi kama da wahalar da girka Windows take ɗora wa na'ura. Na 10 kuwa yana rubutawa ne ya dakata na wani lokaci ba tare da taɓa komai ba, sannan ya dawo ya duba ko wani gurbi ya manta abin da aka ba shi ajiya. Zagayen farko an taƙaita shi da gangan domin a kama manyan kurakurai da wuri, saboda haka kore na farko bai isa a kafa hujja da shi ba. Ni nakan bar ta ta kwana tana aiki idan matsalar mai zuwa jefi-jefi ce, domin akwai katin da ba ya nuna halinsa sai ya ɗauki zafi.

Misalin da ya fi nuna mini darajarta shi ne wata kwamfutar tebur mai katunan DDR4 guda biyu, wadda girka Windows 11 yake yankewa a kanta a wurare daban-daban, wani lokaci da lambar kuskure, wani lokaci da baƙin allo kawai. An riga an sauya filashi, an kuma sake sauke fayil, amma abin bai canza ba. Memtest86+ ba ta gama zagayen farko ba jajayen layuka suka fara fitowa. A nan ne aikin mutum yake farawa, domin manhajar ta ce akwai kuskure a tsarin ma'adana, ba ta ce ga katin da za a jefar ba. Matakin farko shi ne shiga BIOS a kashe XMP, wanda takwaransa a ɓangaren kamfanin AMD ake kira EXPO, tunda wannan saiti yana tura RAM ta yi gudu sama da saurinta na asali, kuma katin da aka rubuta wa 3200 sau da yawa a 2133 yake tashi idan ba a kunna shi ba. Kwamfutoci da yawa suna daina kuskure daga nan, wanda ke nufin katunan lafiyarsu ƙalau, firosesa ko madabod, wato babban allon da sauran sassa suke zaune a kai, ne ba su jure wannan gudun ba. A wannan na'urar kurakuran sun ci gaba, sai aka cire kati ɗaya aka gwada ɗayan shi kaɗai, ya wuce. Aka sa na biyun a gurbin da na farkon ya wuce, sai ja ya dawo. Aka mayar da shi wani gurbin, ja ya bi shi. Da kuskuren ya tsaya a gurbi ɗaya ko da wane kati aka sa, da madabod za a tuhuma, ko zaman firosesa a mazauninta. Tunda katin ne kuskuren ya bi, an cire shi, kuma Windows ya girku a kan kati ɗaya ba tare da ko gezau ba.

Duk wannan sauye-sauye ana yin su ne bayan an kashe kwamfutar an zare wayar wuta, kuma a riƙa kama katin ta gefe, ba ta haƙoransa na zinare ba.

Rauninta na farko yana nan cikin wannan misali. Ba ta nuna gurbin da katin mai laifi yake ba, saboda kwamfuta tana rarraba adireshi a tsakanin katuna ta yadda lambar da ke kan allo ba ta fassaruwa kai tsaye zuwa kati na dama ko na hagu. Ga mai katuna huɗu, wannan na nufin awanni masu yawa na cirewa da mayarwa. Ga mai kwamfutar hannu da aka liƙe RAM ɗinta a jikin madabod kuwa, jan layi labari ne marar daɗi da babu abin da zai iya yi a kansa da hannunsa, illa ya nemi garanti ko ƙwararren mai gyaran madabod. Manhajar tana iya fitar da jerin wuraren da suka lalace a tsarin da Linux ko Windows za su iya tsallake su, kuma dabara ce mai kyau ga wanda ba shi da wata mafita, amma ban yarda a ɗauke ta a matsayin gyara ba, domin katin da ya fara lalacewa babu tabbacin a nan zai tsaya. Haka kuma ba ta ajiye rahoto a kan filashi, sai dai a ɗauki hoton allon da waya kafin a danna Esc, kuma wannan hoton yana da amfani idan za a mayar wa mai sayarwa da katin.

Rauni na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne inda ake yawan yi mata mummunar fahimta. Koren PASS yana wanke RAM ne gwargwadon abin da aka gwada, bai wanke kwamfutar ba. Memtest86+ ba ta taɓa faifan ajiya, ba ta wahalar da katin hoto, don haka ba ta jan wuta kamar yadda cikakken aiki yake ja. Na'urar rarraba wuta da ta tsufa tana iya ɗaukar gwajin dare guda lafiya, sannan ta gaza a lokacin da firosesa da faifai da katin hoto suka nemi wuta a tare. Duk da haka, ko a nan tana ba da haske ta wata hanya. Idan kwamfutar ta mutu ko ta sake tashi a tsakiyar gwajin ba tare da jan layi ko ɗaya ba, to an fitar da Windows da filashin girkawa da faifai daga zargi baki ɗaya, tunda babu ɗayansu da ke aiki a lokacin. Abin da ya rage shi ne wuta, zafi, madabod, firosesa, ko RAM ɗin kanta. Lambar zafin da ke saman allo tana taimakawa sosai a nan, domin na ga kwamfutar hannu da zafinta ya yi ta hawa har ya haura digiri 90 kafin ta ɗauke, kuma da aka buɗe ta sai aka tarar ƙura ta toshe mafitar iska, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta kuma ya bushe.

Idan ta yi zagaye da dama babu kuskure kuma na'urar ba ta mutu ba, sai bincike ya koma wani wajen da zuciya ɗaya. A kwatanta lambar SHA-256 ta fayil ɗin ISO na Windows, wato lambar da ke tabbatar da cewa fayil bai lalace ba, da wadda Microsoft ya wallafa a shafin saukewa, a rubuta shi a wani filashin, a soka shi a kafar USB ta bayan akwati maimakon ta gaba. A cire duk abin da ba dole ba, kamar firinta da ƙarin faifai, a mayar da BIOS kan saitinsa na asali, a duba bayanan SMART, wato rahoton lafiyar faifan, ta hanyar Linux da ke tashi daga filashi, a kuma sauya wayar SATA idan irin wannan faifan ne. A cikin mai girka Windows, danna Shift tare da F10 yana buɗe tagar umarni, inda za a iya karanta setupact.log da setuperr.log da ke cikin jakar Panther domin ganin matakin da aka tsaya. Duk waɗannan sun fi ma'ana bayan an san RAM ta wuce gwaji, saboda ma'adana mai kuskure tana iya sa kowane ɗayansu ya ba da sakamakon ƙarya, har lafiyayyen fayil ya bayyana kamar lalatacce.

Wani zai tambaya me ya sa ba za a wadatu da gwajin ma'adana da ke cikin Windows ba, wanda ake kira da umarnin mdsched. Yana da amfaninsa ga kwamfutar da ke tashi, amma an tsara shi ne ya nuna sakamako bayan an koma cikin Windows, kuma bayanin da yake bayarwa kaɗan ne, babu zafin firosesa, babu jerin katuna. Ga na'urar da ba ta da babbar manhaja ko kaɗan, Memtest86+ ta fi dacewa nesa ba kusa ba. Tsakaninta da ta PassMark kuwa, ban ga dalilin tsayawa kan ɗaya ba: wanda ba ya son taɓa Secure Boot ya ɗauki ta PassMark, wanda yake da tsohuwar kwamfuta marar UEFI ko yake son gwaji marar iyaka ya ɗauki Memtest86+, kuma idan sakamakon ɗaya ya bar shakku, a gwada da ɗayar.

Ina ba da shawararta ga duk mai haɗa kwamfuta da kansa, da mai gyara, da wanda ya ƙara RAM ko ya sayi na'urar da aka taɓa amfani da ita yana shirin girka mata sabuwar manhaja. Rubutunta gaba ɗaya da Turanci ne kuma cike da lambobi, wanda zai iya tsorata sabon shiga, amma abin da ake buƙatar karantawa a zahiri bai wuce uku ba: yawan RAM da aka gano, zafin firosesa, da adadin kurakurai. Wannan adadi na ƙarshe dole ne ya kasance sifili, domin kuskure ko da guda ɗaya ne ya isa a dakatar da girkawa har sai an kashe XMP, an sake zaunar da katunan, an kuma gwada su ɗaya bayan ɗaya.